Takardar da Ke Aljihuna

Ranar Laraba aka tara mu a bene na uku,
likitoci goma sha tara, kofi ya huce a kofuna,
ruwan sama na dukan taga daga wajen tekun Viana.
Aka raba mana takarda ɗaya ɗaya:
in doka ta buɗe ƙofar,
wa zai yarda ya riƙe allurar?
Eh ko a'a.
Ba a bar gurbin “ban sani ba”.

Duarte Sampaio ya miƙe tun ba a kira shi ba.
Ya ce, “Hannun nan, jawo mutum daga rami aka koya masa,
ba a koya masa turawa ba.
Ƙanena shekara talatin ke nan a kan keken guragu,
sau biyu yana ce min ya zama kaya a wuyanmu.
Da akwai ƙofa a ranar, da ya fice.
Yau ga shi yana koya wa jikata dara,
yana cin ta, yana dariya.”

Graça Meireles ba ta tashi ba,
zobenta kawai take juyawa.
Ta ce, “Kwana goma sha ɗaya uwata tana kiran sunana.
Na ƙara magani, na ƙara, zafin ya ƙi jin magana.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
Ku kuna tsaye a waje da lema
kuna ce masa rufin nan lafiyarsa ƙalau.”

Daga nan muryoyi suka hau juna.
Wani ya jawo rantsuwar aiki, wata ta jawo limamin coci,
wani ya ambaci kuɗin gado, aka yi tsit, ya sunkuya.
Inda babu ƙasa ake gardamar kokawa.
Ƙasar tana can ƙasa, gado na takwas.

Albano sunansa.
Shekara arba'in yana jan taru a ruwan ƙanƙara,
yanzu cokali ya fi ƙarfinsa.
Cutar ta fara da ƙafa, tana hawa a hankali
kamar gara a jikin azara,
ta bar masa ido da hankali, don ya kalli ɓarnar.
Kullum da safe yakan ce,
“Likita, ni na san lokacin da ake juya jirgi gida.
Ki bar ni in juya.”

Na kusa gaskata shi duka.
Sai ran nan na ji 'yarsa Benedita a bayan labule
tana faɗa wa waya ta sayar da motarta
don biyan mai jinyar dare.
Ya ji. Na ga ya ji.
To, wa ke roƙona, ciwon ne ko motar?
Na tambaye shi. Ya ce, “Duka biyun.
Ke kin taɓa ganin buri mai uwa ɗaya?”

Jiya bai roƙe ni ba.
Ya ce a buɗe taga, jiragen sardin za su shigo.
Ya rufe ido yana faɗin sunan kowane
daga kukan injinsa kawai.
Bakwai ya faɗa, shida ya dace,
ya yi fushi da na bakwai.
Na fito ina cewa, Duarte, gaskiyarka.

Yau da asuba numfashi ya sarƙe masa,
minti huɗu yana neman iska a ɗaki cike da iska.
Da ya dawo ya dube ni, bai ce komai ba.
Na fito ina cewa, Graça, yafe min.

An ce rai dangin goro ne, ban ruwa yake so.
Na ba shi. Ina ba shi.
Abin da ba a faɗa min ba,
yadda ake yi in goron ya buɗe baki
ya ce ruwan ya isa.

Juma'a za a karɓi takardun.
Tawa tana aljihun farar riga,
ta yi laushi don yawan taɓawa,
kofi ya ɗiga a gefenta.
Ƙarfe shida saura kwata.
Bari in sauka in juya shi ɗaya gefen,
kafaɗar hagu ce ke damunsa.